Baƙar Buta da Allurar Zafi

Asma'u, ɗora mini baƙar butar can a kan gawayi, ki cika ta da ruwa, ki zo ki zauna kusa da 'yan'uwanki. Jiya na ji Mu'azu yana gaya muku wai aikin da kakarku ta yi ba aiki ba ne, duban allura ne kawai: in ta hau ja mota ta yi zafi, in ta sauko ta huce. Mu'azu, kai da kake tuƙa raksha mai ƙafa uku, abar da ko ruwa ba ta sha, kai ne za ka ba da labarin zafin mota? To zauna ka ji daga bakin wadda ta yi. Ban shiga makaranta ba, ban san baƙi ba. Amma shekara da shekaru motocin unguwar nan ta Umbadda suna tsayawa a gabana in gaya musu ko allurarsu gaskiya take faɗa ko ƙarya.

Daga Jazira muka zo, can tsakiyar Sudan, daga gonakin auduga, ni da kakanku, Allah ya haskaka kabarinsa. Ya ajiye fartanya ya koyi gyaran lagireto a unguwar makanikai ta Umdurman, inda warshar kowa, wato garejinsa, take jingine da ta kowa. Ya samu rumfar kwano a ƙarshen layi. A cikinta akwai benci, da rabin durom na ruwa da ake tsoma lagireto a ga inda yake yoyo, da ƙarfen liƙi, da dalma, da dogayen tsinkayen ƙarfe na yashe bututu. Ni kuma na kafa murhu a bakin rumfar ina sayar wa makanikai da direbobi shayi. Buta ɗaya gare ni a lokacin, fara tas, kullum sai na goge ta da toka.

Wata rana da hantsi wani lori ya shigo, direban yana rantsuwa allurarsa ta kwana a ja tun daga Madani. Kakanku ya taɓa nan, ya shinshina can. Ya ɗauki sifana ya kwance wani ɗan guntun tagulla daga kan injin, bai fi babban yatsa ba. Ya ƙara masa waya, ya ɗaura wata wayar daga jikinsa zuwa ƙarfen mota, ya janyo murhuna kusa da taya, ya tsoma abin nan mai maiƙo a cikin ruwan shayina. Ban yi magana ba a gaban baƙo. Da baƙo ya tafi na yi. Butar ba ta ƙara yin shayi ba, don ko sau nawa na wanke sai an ji warin mai. Ita ce wannan da ke kan wuta yanzu. Na sayi wata farar, na zama mai buta biyu.

A ranar ya bayyana mini. Ya ce allurar da ke gaban direba ba ta taɓa ganin injin ba, labari ake kai mata. Ɗan guntun tagullar nan shi ne bakinsa ke cikin ruwan injin, shi ke jin zafi ya aika ta waya. Ɗan aike kakanku yake ce masa, ni ma haka na riƙe. Ɗan aike yana tsufa, waya tana tsatsa, allura tana gajiya. A tsohuwar mota kowanne cikin ukun nan yana iya yin ƙarya. Amma ruwa a kan wuta ba ya ƙarya, lokacin da zai tafasa zai tafasa. Saboda haka sai a tsoma ɗan aike a buta, a kunna makulli, a ga ko abin da allura ke faɗa ya yi daidai da abin da ruwa ke yi.

Nan ne ya buƙace ni, don ruwan zafi sana'ata ce. Ruwa a kan wuta hali huɗu gare shi. Da farko shiru. Sai ya fara waƙa ƙasa-ƙasa, kamar mace tana tankaɗe ita kaɗai. Sai ƙananan idanu su fito a gindin buta, su riƙa tasowa a jere, tururi ya miƙe siriri. Sai tafasa. Lafiyayyen injin a hali na uku yake zama, inda ruwa ya yi ido bai tafasa ba. Masu karatu cikinku sun ce mini tamanin da wani abu ke nan a lamba. Ni ido na sani. Idan ruwa ya yi ido, allura ta tsaya wajen tsakiya. Idan ya tafasa, ta kai bakin ja. Kakanku yakan zauna a kujerar direba, ni ina tsugune a murhu ina kira: “Ta fara waƙa. Ta yi ido. Ta tafasa.” Shi kuma yana duban allura. Haka muka yi shekaru, har hayaƙin dalma ya rage masa gani, na koma ni ke duban buta ni ke duban allura, shi yana aiki da hannu da hanci.

Wata tasi na tuna, rawaya, ta tsaya shan shayi injin yana kunne. Direban ya ce, “Matar Usta,” don haka ake kiran gwanin makanike a nan, “leƙa mini allura, an ce kin iya.” Na leƙa na ga tana kwance can ƙasa. Na ce masa lafiya lau, motarka sanyi ƙalau. Kakanku yana kan benci bai ko ɗago ba, ya ce, “Kashe ta yanzu.” Ya ji warin da ni ban tsaya na ji ba, warin ƙarfe da ya ƙone. Ashe tiyo ya tsage ta ƙasa, ruwa ya tsiyaye a hanya, ɗan aike yana zaune a busasshen rami, ba abin da zai ji balle ya aika. Da direban ya ƙara tafiya kaɗan da injin ya tafi. Da yamma kakanku ya ce mini, “Hanci tukuna, sai kunne, sai hannu. Allura ita ce ta huɗu.” Ya ƙara da cewa allurar da ta yi ƙarya ta hau tsoro kawai take ba mutum, wadda ta yi ƙarya ta kwanta ita ke kashe mota. Ban ƙara yanke hukunci daga taga ba.

Sai mummunar shekara ta zo, ba a daɗe da hawan soja ba. Fetur sai da kati, layinsa ya fi layin burodi tsawo. Sukari ya yi wuya. Kayan mota kuwa babu su a shago ko ɗaya. Abin da ya lalace sai a je wurin matattun motoci a kwanto wani, in bakinsa ya shiga rami a ɗaure, ba mai tambayar daga wace irin mota ya fito. A shekarar kakanku ya kwanta, kwana tara, ya cika. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma. Da na fito na tarar ana kamen masu shayi a bakin titi, kasha ake ce masa, a kwashe buta da kujeru a jefa a mota. Wadda take cikin rumfa ba a taɓa ta. Wadda take waje ba ta san ranarta ba. Ni ga 'ya'ya biyar, babanku Sani shi ne na biyu.

Babban layinmu Usta Bashir ne, dattijo, mai gyaran injin, kakanninsa Hausawa ne amma a Umdurman aka haifi ubansa, Hausarsa rabi Larabci ce. Shi ke cewa wane ya zauna nan, wane ya koma can. Ba mugu ba ne. Ya zo ya yi mini gaisuwa ya ce, “Ummu Sani, Allah ya jiƙan marigayi, abokina ne. Amma rumfa ta mai sana'a ce. Akwai wani mai lagireto yana so, Asabar zai shigo. Ke ki matsa da murhunki bakin hanya.”

Na ce, “Usta, ni ma mai sana'a ce.”

Ya ce, “Shayinki ba na biyu a layin nan, wallahi.”

Ranar Laraba ce. Kwana uku suka rage mini.

Ranar Alhamis aka kawo boksin Haruna, irin a-kori-kurar nan da ake sa wa benci biyu a baya ana ɗaukar fasinja daga Umbadda zuwa Suk al-Arabi, kasuwar da ke tsallaken gada a Khartum. Haruna ɗan unguwarmu ne, mutumin Jazira kamar mu, motar nan ita ce abincin gidansa. Wata guda ke nan allurarsa tana hawa ja tun kafin ya kai gada. Sai ya tsaya, ya sauke fasinja, ya jira, fasinja su zage shi su hau wata. An wanke lagireto, an canja fambel, an cire abin nan da makanikai ke ce wa tamostat an yar, allura ba ta sauko ba. Usta Bashir ya ce saura abu ɗaya, gasket ya ƙone, a buɗe kan injin. Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi a shekarar: in aka buɗe, babu sabon da za a mayar, mota za ta hau kan duwatsu sai yadda Allah ya yi.

Na kawo wa Haruna shayi, na tsaya kusa da motar tana kunne. Ban ji warin ƙuna ba. Ban ji injin yana ƙwanƙwasa ba. Na ɗora bayan hannu a kan lagireto, samansa da ɗumi, ƙasansa da sanyi-sanyi, allura kuwa tana can a ja. Na ce, “Haruna, tun yaushe aka canja maka ɗan tagullar kan injin?”

Ya ce, “Wata guda ke nan, Yaya. Na da ya karye, aka samo mini wani.”

Na juya na ce, “Usta, kafin ka sa sifana, a ba ni in tafasa ruwa.”

Makanikai suka fashe da dariya. Wani ya ce, “Za a ba mota shayi! Da madara ko babu?” Wani ya ce, “A sa mata citta, mura ce.” Usta Bashir bai yi dariya ba. Ya ce, “Ku bar ta. Matar marigayi ce. Yalla, Ummu Sani, tafasa.”

Da injin ya huce na kwance ɗan aike da sifanar kakanku, na ƙara waya, na ɗaura ta biyu a jikin ƙarfe, na tsoma shi a baƙar buta. Na ce Usta Bashir ya zauna a kujerar direba da kansa, sauran su zo su leƙa ruwa. Buta ta yi shiru, ta yi shiru, ta fara waƙa. Usta ya ce daga cikin mota, “Ta shiga ja.”

Na ce, “Ku da kuke nan, ruwan nan ya tafasa?”

Mai maganar madara ya leƙa ya ce, “Ko ido bai yi ba.”

Na ce, “To ɗan aiken nan ba na gidan nan ba ne. Bakinsa ya shiga ramin, amma da wata allura ya saba magana.”

Kakanku yana da wani gwangwanin madara da yake tara abin da makanikai suka yar. Tun da ba na karatu, ni na ɗaure wa kowanne zare: ja na lori, baƙi na tasi, kore na boksi. Na ciro mai kore na ɗaura. Na sake ruwa, muka fara daga farko. Na kira waƙa, Usta ya ce ta ɗaga kaɗan. Na kira ido, ya ce tsakiya. Na kira tafasa, ya ce, “Bakin ja.”

Ya fito yana goge hannu ya ce, “Wannan a buta ne. Buta ba ta hawa gada da mutum goma sha biyu a baya.”

Na ce, “A cika ta da fasinja, da azahar, mu je Suk al-Arabi mu dawo. In ta tafasa, ba sai Asabar ba, yau zan kwashe murhuna.”

Ya ce, “In ba ta tafasa ba fa?”

Na ce, “Kai ne babba, kai ka san abin da ya dace.”

Sai na ƙara ciro wani abu daga gwangwani, tamostat, wanda ni mai gadi nake ce masa. Shi ke tsare ƙofar ruwa, ya hana shi zagayawa sai injin ya yi ɗumi. A layinmu duk motar da ta shigo sai an cire shi an yar, wai zafin Sudan ya ishi kowane injin. Haruna ya riƙe kai ya ce, “Yaya, don Allah kar ki mayar da wannan. Ni so nake allura ta kwanta ƙasa in samu barci.”

Na ce, “Ɗanka in ka taɓa shi ka ji shi sanyi kamar randa, murna za ka yi? Injin ma jiki ne, da ɗuminsa yake aiki. In ya yi sanyi fetur yake sha kamar raƙumi. Kwana nawa kake yi a layin mai?”

Na ɗaura wa mai gadi zare na saka shi a buta a gabansu. Yana rufe, yana rufe, ruwa na yin ido sai ya buɗe baki a hankali. Haruna ya dube shi ya dube ni ya ce, “Bismillah, mayar.” Na san na ƙara wa kaina haɗari. Amma kakanku bai taɓa sallamar mota babu mai gadi ba, ni ma ba zan fara a rumfarsa ba.

Da azahar muka tashi daga tashar Umbadda, baya cike. Usta Bashir ya hau cikin fasinja da jarkar ruwa a kan cinya. Ni ina gaba wajen ƙofa, wata tsohuwa mai kwandon kuɓewa tana tsakanina da Haruna, saboda haka ko allurar ba na gani sosai. Muka ratsa Umdurman lafiya. A kan gada aka tsaya cak, motoci gaba da baya, kwalta tana tururi, Nilu yana ƙyalli a ƙasa ba iska ko kaɗan.

Haruna ya ce, “Yaya, ta wuce tsakiya.”

Na ce, “Da nawa?”

Ya ce, “Kaurin tsinken ashana biyu. Uku. Bari in kashe in zuba mata ruwa.”

Na ce, “Ka zuba ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, ka tsaga kan injin da hannunka. Cire hannunka daga makulli.”

Na rufe ido na saurara. Injin yana bugawa daidai, ba ƙwanƙwasa. Na ja numfashi, warin kwalta ne da kuɓewa da hayaƙin motar gaba, babu ƙuna. Tsohuwar ta ce, “'Yar nan, addu'a kike yi? Motar za ta kama da wuta ne? Ku sauke ni.” Na ce mata, “Zauna, Inna, kuɓewarki ma ba za ta yi laushi ba.” Usta Bashir ya buga gilashin baya yana nuna jarka. Na girgiza masa kai.

Aka saki hanya. Muka gangara Khartum, iska ta shiga lagireto. Haruna ya ce da ƙaramar murya, “Tana saukowa.” Kafin mu kai Suk al-Arabi ta koma tsakiya ta zauna. Muka sauke, muka ɗauki wasu, muka dawo, a gada ta sake ɗagawa kaɗan ta sake komawa. Da muka iso rumfa na tsoma tsinken ashana a farin fenti na ɗiga a kan gilashin agogon, daidai inda allurar ta zauna. Na ce, “Nan ne gidanta. Kowace tsohuwar mota da nata gidan. In ta fita kaɗan a cunkoso ta dawo, yawo ta je. In ta fita ta ƙi dawowa, ko ta faɗi ƙasa kana cikin tafiya, tsaya ka shinshina.”

Usta Bashir ya sauko ya ajiye jarkarsa a ƙasa, cike kamar yadda ya hau da ita. Ya tafi sallar la'asar. Juma'a ba a buɗe layi. Na wuni a gida ban san matsayina ba.

Asabar da safe na zo na hura gawayi a bakin rumfa, ban shiga ciki ba. Ban ga mai lagireton da aka ce zai zo ba. Sai ga Usta Bashir, ya zauna a kan bencin kakanku ya ce, “Ummu Sani, me kike yi a waje? Shigo da murhun. Ɗora buta.”

Na ce, “Fara ko baƙa, Usta?”

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan aike naɗe a tsumma, na motarsa ne ta kansa. Ya ce, “Baƙa.”

A rumfar nan na tsufa. Liƙin lagireto na koya a hankali, ban taɓa kai kakanku ba, amma ban sallami mai yoyo ba. Haruna ya zo daga baya yana cewa katin mansa ya fara kai shi inda da ba ya kai shi, ya cika tasha da labari. Har motocin zamani suka shigo, in ka hau tsohon boksi ko tasi a Umbadda ka leƙa gaban direba, sau da yawa za ka ga ɗigon farin fenti a kan gilashi. Da abin da baƙar butar nan ta kawo aka yi wa iyayenku makaranta, alhamdu lillahi.

To, Mu'azu, kai da ka ce duban allura ne kawai. Butar nan tana bayanka tun da na fara magana. Kar ka juya. A wane hali take?

Ba ka sani ba. Ta yi waƙa tun muna kan lorin Madani, ta yi ido muna wajen tasi, ta tafasa har ta kusa ƙonewa, ku bakwai ba wanda ya ji. Asma'u, sake mata ruwa. Mu fara daga shiru.